Furen Bayan Rumbu

Akwai wani manomi wanda matarsa ta rasu da bazara. Shekara talatin ita take kawo furannin da ake ƙawata teburin sujada na coci da su ranar godiyar kaka. Tana kwance ta roƙe shi kada teburin ya zauna haka nan bana, shi kuwa ya yi mata alkawari.

Mutumin nan ya san gero, ya san dawa, amma fure ko oho. Da ruwa ya sauka, ya roƙo iri a maƙwabta ya shuka a tsakar gida. Kafin a gama maimai sun yi fure, ja da fari, har masu wucewa suna leƙe. Amma ruwan Agusta ya kwantar da su, kafin gero ya nuna duk sun ruɓe.

A gindin katanga kuwa akwai wasu tsire-tsire masu kaushin ganye, da suke tohowa da kansu kowace shekara. Damina ta yi nisa, ba su nuna komai ba. A wurin manomi, abin da ba ka shuka ba, bai kuma ba ka komai ba, sunansa ciyawa. Sai ya ɗauki fartanya ya bi su har saiwa. Saura tushe ɗaya a bayan rumbu, sai ciwon baya ya riƙe shi. Ya ce gobe zai ƙarasa. Ga gona, ga girki, ga kaɗaici, goben ba ta zo ba.

Ana saura kwana uku godiya, Keziya ƙanwar matarsa ta zo.

Ta ce, "Yaya, ina furannin marigayiya?"

Ya nuna mata ruɓaɓɓun tsakar gida.

Ta ce, "Ba waɗannan ba. Na gindin katanga."

Ya ce, "Ciyawar nan? Ai na nome ta."

Keziya ta nemi wuri ta zauna. Ta ce, "Wayyo, Yaya! Su ba sa fure sai ruwa ya ɗauke. Su take tsinka duk shekara. Ba ka taɓa lura ba?"

Bai taɓa ba, gama da kaka kullum yana gona. Ya tashi ya zagaya bayan rumbu. Ga tushen nan ya rufe da fure, rawaya kamar ƙwaiduwa. Ya durƙusa a wurin ya yi kuka. Ran Lahadi ya kai abin da bai fi cikin hannu ba, a teburin da dā yake cika.

Ma'anar wannan misali ita ce: furannin tsakar gida su ne masu karɓar Maganar bishara da zafi, su huce da wuri. Na gindin katanga su ne waɗanda muka gaji da jiransu: ɗan da ya daina zuwa sujada, mijin da aka yi shekaru ana yi masa addu'a. Fartanyar kuwa bakinmu ne, ranar da muka ce wane ba zai taɓa gyaruwa ba.

Ni ma na gaji, 'yan'uwa, ba zan ɓoye muku ba. Shekara goma sha tara ina tsaye a gaban ajin nan na makarantar Lahadi ina koyarwa, na kuma nome mutane da bakina, waɗansu ba su sake dawowa ba. Manomin nan ba hikimarsa ce ta ceci tushen ba, ciwon baya ne. In kun gaji da wani a makon nan, ku zauna ku huta, ba laifi. Fartanyar dai ku ajiye ta, gama ruwa bai ɗauke ba tukuna.