Yak da Ƙanwarta Saniya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo, muna sauraro.

Wai Yak, saniyar nan mai dogon gashi da ke zaune can saman duwatsun ƙanƙara, ta ji labarin fari ya addabi ƙanwarta Saniya a kwari. Ta sauko, ta ce, "Tashi mu hau, ciyawa na can ba mai ci."

Suna cikin hawa Saniya ta ce, "Yaya, numfashina na sarƙewa."

Yak mai faffaɗan ƙirji ta ce, "Ragwanci dai. Ni kin ji ina haki?"

Can gaba Saniya ta ce, "Yaya, sanyi ya ratsa ni har ƙashi."

"Wane sanyi? Ni zafi ma nake ji. Saura kaɗan."

Yak ko waiwayowa ba ta yi ba. Da ta isa sama ta ƙwala kira, "Ga ciyawar!" Ta waiwaya, ba ta ga Saniya ba. Ta komo da gudu, ta tarar da ƙanwarta kwance ta sandare. Ta lulluɓe ta da gashinta, amma ina, rai ya yi halinsa.

Tun ranar Yak ba ta ƙara ɗaga murya ba. Kullum kai a sunkuye, sai nishi ƙasa-ƙasa.

Ƙurunƙus kan ɓeran dutse.