Addu'ar Inna da Ƙafar Baffa Jatau

Ku gyara zama, ga wata nan ta iso gare ku, kuma ba ta dariya ba ce. In na kai ƙarshe, shari'a taku ce.

A garin Tudun Marke an yi wasu 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya: Tanimu babba, sai Kulu, sai autansu Lurwanu. Ubansu ya rasu tun suna ƙanana. Ƙanensa Baffa Jatau, wanda Allah bai ba haihuwa ba, shi ya riƙe su da gonarsa ta bakin rafi. Tanimu ya karanci kwamfuta, Kulu ta zama ma'aikaciyar jinya a ɗan asibitin garin, Lurwanu kuwa ba ya iya zama wuri ɗaya. Shekara bakwai yana Legas yana gina wa mutane shafukan intanet, sai da ciwon Innarsu ya tsananta ya dawo. Ya tarar garin ya yi masa kaɗan kamar rigar yarinta. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ƙara da, "Baƙon Legas, yaushe za a koma?"

Yankin nasu ƙasar kububuwa ce. Damina na faɗuwa sai sara, maganin dafin kuwa yau yana wannan asibiti, gobe yana wancan, sai ma'aikaciya ta bi lambobi ɗaya bayan ɗaya tana kira. Zaman jinya ya ishi Lurwanu, sai ya ce wa yayansa su yi wani abu a kai. Suka raba aikin biyu. Tanimu ya ɗauki saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan magungunan asibitoci goma sha biyu na yankin. Lurwanu ya ɗauki shafin da ake gani a waya. Ka rubuta sunan magani, shafin ya aika tambaya a ɓoye ba tare da ya motsa ba, saba ta maido amsa, sunayen asibitoci su fito. Sharaɗi ɗaya ne: amsar ta zo tsaf kamar shinkafar da aka tsince, sunaye da adadi a jeren da aka shirya. In wani abu ya shigo gabanta ko bayanta, shafin ba zai iya karanta komai ba. Wata huɗu abin yana aiki. A cikinsu ne Inna ta rasu.

To ga inda kowa ya sa hannu.

Tanimu tun yana ƙarami ba ya fara rubutu sai da addu'a a kai, wasiƙa ce ko takardar jarrabawa. Ranar sadakar arba'in, da mutane suka watse, ya buɗe babban fayil na saba, ya hau can sama, sama da inda umarnin na'ura ya fara, ya rubuta: "Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna makomarta." A zatonsa shi kaɗai zai riƙa gani. Saba kuwa duk abin da ta tarar a wannan wurin aikawa take yi. Daga ranar, kowace amsa da addu'a a gabanta take fita.

Lurwanu shi kuma tun farko ya ƙi jinin jan rubutun Turanci da ke fitowa in an sami matsala. Ya ce abin kunya ne, mutum ba ya shanya tsummansa a ƙofar gida. Sai ya tsara shafin yadda duk abin da ya faru, ko layi ya yanke, ko amsa ta gagara karantuwa, magana ɗaya zai nuna cikin ladabi: "A yi haƙuri, babu a yanzu." Rufin asiri ya kira shi. Kwana uku shafin yana cewa babu a asibiti goma sha biyu, ba wanda ya ɗaga waya ya yi ƙorafi. A ƙasar nan wa yake mamakin babu?

Kulu kuwa ta yarda da aikin 'yan'uwanta fiye da yadda su suka yarda da shi. Tsohuwar takardar lambobin nan da ke manne a bango, ta cire ta ta jefa a ƙasan durowa, tana yi wa abokan aikinta alfahari cewa gidansu ya wuce zamanin kira.

Ranar Laraba da hantsi Baffa Jatau yana cirar ciyawa a gonar gyaɗa, kububuwa ta sare shi a idon sawu. Kafin a kawo shi wurin Kulu dasashinsa ya fara jini. Asibitinta ba ko kwalba ɗaya ta maganin dafi. Ta tambayi shafin, ya ce babu. Ta sake, ya ce babu. Ba ta buɗe durowa ba. Ta hana masu son tsaga wurin da reza, ta kwance igiyar da aka ɗaure masa, ta sa masa ƙarin ruwa, ta sa shi a mota sai babban birni, tafiyar awa huɗu a lalatacciyar hanya.

Lurwanu yana tasha yana tambayar ranar da motar Legas ke tashi, can labari ya same shi, bayan an yi awa biyu da tafiyar su Kulu. Ya ciro waya ya tambayi maganin, babu. Ya tambayi maganin ciwon kai, babu. Ya tambayi auduga, babu. Nan ya gane da matsala, don lalacewar ƙasar nan ba ta kai a rasa auduga a asibiti goma sha biyu ba tukuna. Ya ruga gida ya buɗe kwamfuta, ya kama amsar ɗanya yadda saba ta aiko ta. Sai ga sunan Inna a gaba. A bayansa, ba abin da ya taɓa su, ga sunaye a jere: Kwanar Ɗorawa, kwalba shida. Tafiyar minti arba'in ce, a hayin rafi, ta bayan hanyar da Kulu ta bi.

Ya sami yayansa a zaure.

"Yaya, me ka taɓa a saba?"

"Ban taɓa komai ba. Addu'a kawai na sa wa Inna."

"A ina?"

"A sama mana. Ko a Legas a ƙasa kuke sa addu'a?"

Lurwanu ya juya masa kwamfutar. Tanimu ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi abin da ya sa shafin bai ce ya kasa karantawa ba.

Tanimu ya goge layin da hannunsa, ya hau babur. Rafi ya kawo ruwa har ya shanye gada. Ya jingine babur ɗin, ya faɗa ruwa ya haye, ya ƙarasa da gudu. Ya dawo da kwalaben cikin kular ƙanƙara a kansa, ruwa iya wuya, sau biyu yana kwasar ƙafarsa. Lurwanu kuwa yana ta kiran Kulu har layi ya shiga, ya ce ta juyo da mota. Suka haɗu a mararraba bayan la'asar. Jijiyoyin Baffa duk sun ɓuya, Kulu ce ta lalubo guda a bayan hannu. Maganin na shiga, jikinsa ya ƙi shi, numfashi ya fara sarƙewa. Ta tsayar, ta yi masa wata allurar, ta jira, ta ci gaba a hankali har jinin ya tsaya.

Ba don Lurwanu ba, da ba a san maganin na nan ba. Ba don Tanimu ba, da bai haye rafi ba. Ba don Kulu ba, da maganin da kansa ya ƙarasa shi a bakin hanya.

Baffa ya rayu. Amma dafin ya daɗe a ƙafar, ta kumbura ta yi baƙi, bayan kwana tara likitocin birni suka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Da aka dawo da shi gida ya kira su ukun. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi wa Lurwanu sauƙi. Ya dai dube su ya ce, "Kun ce na'urarku ta san inda komai yake. Ku tambayar mini ita inda ƙafata take."

Sannan ya ce ya yafe, amma yafiya ba ta riƙe fartanya, ba ta kai mutum masallaci. Ɗaya a cikinsu zai zauna tare da shi ya zama ƙafarsa har ranar da Allah ya yi nasa ikon, sauran biyun su kama gabansu. Shi ba zai zaɓa ba.

A lokacin Tanimu ya sami aikin da ya shekara biyar yana nema a babban birni. An ba Kulu gurbin ƙaro karatu, wanda ba a bayarwa sau biyu. Lurwanu kuwa kowace safiya sai an kira shi daga Legas. Tanimu ya ce addu'a ya yi wa uwarsa, kuma shi ya shiga ruwa. Kulu ta ce abin da aka nuna mata ta bi, kuma hannunta ne ya riƙe ran. Lurwanu ya buɗe baki zai ce shi ya gano matsalar, sai ya tuna wanda ya koya wa shafin cewa babu, ya yi shiru. Amma shirun nasa ba amincewa ba ce, don har ransa ba ya so ya zauna.

To jama'a, ga wanda ya sa addu'a inda ba wurinta ba, ga wanda ya rufe asirin da bai kamata a rufe ba, ga wadda ta yarda ba ta bincika ba. Wane ne a cikinsu ya cancanci ya zauna ya zama ƙafar Baffa Jatau?