Hantar Ragon Suna

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a Tungan Maje, zamanin da mulki ya dawo hannun farar hula, Abuja na cika tana batsewa, otal-otal na neman nama kamar ba gobe. Sana'arsa turkar raguna. Allah ya ba shi hannun kiwo, amma ya raina. Ya samo wani garin magani da hukuma ta haramta, yana barbaɗawa a dusa. Rago ya ci wata guda ya murɗe, ƙirji kamar na ɗan dambe. Saura mako a sayar sai ya janye maganin, wai ya fita daga jini. Ya san illarsa sarai, domin ragon gidansa daban yake turke shi.

Rannan 'yarsa ta haihu. Ran suna ya dubi ragon gida, ya ga bai kai na nuna wa surukai ba. Son a sani ya ja shi garke, ya kamo mafi girma, yana cewa ai kwana goma rabonsa da magani. Kun san al'ada, hanta ta mai jego ce. Aka gasa mata, ta ci ta ƙoshi. Kafin la'asar jikinta ya ɗauki karkarwa, zuciya na bugu ba ƙaƙƙautawa, ta kasa riƙe jaririnta. Aka garzaya da ita asibiti. Likitoci suka tambayi mahaifinta abin da ta ci, ya ce nama ne kawai. 'Yar cikinsa fa, amma garkensa yake ji.

Cikin 'yan suna akwai Dakta Rahmatu, likitar dabbobi mai aikin gwajin nama a cikin gari. Wannan baiwar Allah, ido gare ta. Tun wurin fiɗa ta lura ƙaton rago ne amma ba kitse. Ta bar tuwonta, ta ƙunshe sauran hantar cikin ƙanƙara, ta nufi ɗakin gwaji da kayan biki a jikinta. Ta gwada, ta sake gwadawa don kada ta yi wa mutum ƙazafi. Sannan ta faɗa wa likitoci sunan maganin, suka san ta inda za su kama.

Mutumin ya same ta ya ce ta zaɓi rago biyar ta rufa asiri. Ta ce, "Baba, jini yana mantawa, hanta ce ba ta mantawa. Je ka duba 'yarka."

Ta kai rahoto, hukuma ta rufe garken, aka binne dabbobin, mahauta suka guje shi. 'Yar ta rayu. Amma har yau, ko da Sallah ya aika mata nama, mayar masa take yi.

Ya 'yan uwa, in tsokar rago ta riƙe shaida har ta faɗa wa mutum, yaya gaɓoɓinmu ranar da za su yi magana? Abin da ba za ka ba 'yarka ba, kada ka sayar wa 'yar wani.

Allah ya yawaita mana irin Rahmatu, ya kiyaye mu da cin haram da ciyar da shi. Amin.