Mai Gidajen Haya da Ƙaryar da Ta Koma Kansa

An yi wani mutum a Ƙauran Namoda, ɗan kasuwar hatsi ne. Ba zan kama sunansa ba. Allah ya buɗa masa, amma shi kullum gani yake bai samu komai ba.

A shekarun da tsoron 'yan bindiga ya hana jama'a sakat, farashin gidajen bakin gari ya karye. Ga kuma mutanen ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suna kwararowa neman ɗakin haya. Mutumin nan ya ce kasuwa ta buɗe. Ya sayar da hatsinsa da shanunsa, ya ƙudura zai saye wata unguwa ta bakin hanyar Zurmi, ya zuba 'yan haya.

Ya 'yan uwa, har nan babu laifi. Saye lokacin araha halal ne. To amma arahar ba ta ishe shi ba.

Sai ya riƙa zama majalisar unguwar bayan la'asar, yana sassauta murya kamar mai jin tausayi. "Na ji daga majiya mai ƙarfi, suna tahe. Unguwar ga za su fara shiga." Wallahi bai ji komai ba, shi ya ƙirƙira. Mutane suka firgita, suka riƙa bin sa suna roƙo ya karɓi gidajen gadonsu a kuɗin da bai kai na fili ba. Yana karɓa, suna yi masa godiya. Kun ji zalunci, a cuce ka kuma ka yi godiya!

Wata tsohuwa ce kaɗai ta ƙi, ana kiranta Asibi, mai sayar da daddawa. Ta ce masa, "Alhaji, wanga gida nan Malam ya bar ni. In sun zo, su iske ni."

Ya yi dariya ya wuce. Ya tsattsaga gidajen ɗaki-ɗaki, ya shafa fenti, ya zauna jiran 'yan haya.

Shiru. Ina wanda ya gudo daga ƙauye zai kai iyalinsa inda aka ce za a fara shiga? Ƙaryar ta riga shi zuwa tasha, ta riga shi zuwa kasuwa. Ya tafi tashar da kansa yana rantsuwa cewa unguwar lafiya lau take. Wani direba ya dube shi ya ce, "Alhaji, ba kai ne kac ce muna suna tahe ba?"

Mutumin nan ya shiga tsaka mai wuya. Ya ce ƙarya ya yi? Ko ya ce gaskiya ce?

Damina ta sauka. Kun san gidan ƙasa, in babu mai share indararo, babu mai yaɓe, ruwa kwanciya yake a kan soro. Rufi ya riƙa ruftawa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ba hatsi, ba shanu, ba abin gyara. Baƙin ciki ya hana shi cin abinci.

Asibi fa? Tana nan tana daka daddawarta, ko kaza ba ta ɓata mata ba. Tsofaffin maƙwabta suka riƙa leƙowa suna ganinta lafiya. Da mutumin nan ya rasa mai saye, su ɗin dai ya koma yana bi yana roƙo. Suka karɓi kangayen iyayensu a ƙasa da yadda suka sayar, suka yi gayya suka tada katangu. Ranar da aka sake kiran salla a masallacin unguwar, Asibi ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dishe. Allahu Akbar! Gaskiya ta yi halinta.

Shi kuwa yau ɗaki guda yake haya a cikin gari, kuma in ya ce rana ta fito sai an leƙa waje.

Ya 'yan uwa, ku sayi gida, ku ba da haya, Allah ya sa albarka. Amma kada tsoron ɗan uwanka Musulmi ya zama jarinka. Wanda ya firgita bayin Allah don ya ci riba, tun a duniya zai fara biya, kafin a je gaban Mai Sama.

Allah ya kiyaye mu da harsunanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.