Gwangwanin Sugan Mama

Akwai wani mai gyaran jikin mota da ake ce wa Guduma, kuma ba don sana'arsa kaɗai sunan ya bi shi ba. Mutumin nan hannunsa ya fi bakinsa sauri. Kafin ka gama cewa "tsaya ka ji", ka riga ka ji a kumatu.

Ni dai jama'a, irin waɗannan mutanen ba sa burge ni ko kaɗan, wallahi haushi suke ba ni. Amma bari ku ji yadda ta kaya.

Shekara biyu ke nan Guduma bai taka gidan mahaifiyarsa ba. Ba tafiya ya yi ba, korarsa ta yi. Ranar da ya karya wa ƙaninsa Auta hannu a kan gardamar wa ya bar famfo a buɗe, Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta ce kada ta sake ganin ƙafarsa a gidanta. Ya ɗauka fushin kwana biyu ne. Sai ga shi an shekara biyu, ko ya kira waya ba ta ɗauka.

Abin ya ci shi sosai, domin Guduma yana son uwarsa, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. A wannan tsakanin ciwon suga ya kama ta, a bakin mutane ya ji. Auta ya yi aure, shi ma a bakin mutane ya ji.

Matar Auta ce ta sa baki, ita da ko ganinsa ba ta taɓa yi ba. Wata shida tana bin Mama da roƙo, har tsohuwar ta sauko ta kira shi da kanta.

"Ka zo ranar Asabar da hantsi, ƙarfe sha ɗaya, mu ci abinci tare," in ji Mama. "Amma ka ji ni da kyau. In ka ɗaga wa wani hannu a gidan nan, ko kyanwa ce, ka fita ke nan har in mutu."

"Wallahi Mama na canza."

"Ban ce ka rantse ba. Cewa na yi ka zo."

Ranar Asabar matar Auta ta shiga kicin da wuri. Sikon za ta gasa, wannan ɗan burodin mai kauri da ake yankawa a zagaye, amma irin mai gishiri, ba mai zaƙi ba. Tun da likita ya hana Mama suga, shi ne abin da take ci ta ji daɗin duniya, musamman a cin hantsi da yake haɗe karin kumallo da abincin rana.

Ta tankaɗe fulawar alkama da hodar da ke sa kwaɓi ya tashi. Ta ɗauko bota mai sanyi daga firji, ta yayyanka ƙanana, tana murzawa da kan yatsu har ya zama kamar tsaki. Ta zuba cuku gogagge, da lawashi, da ɗan masoro, sannan madara kaɗan-kaɗan.

Auta ya leƙo yana miƙa hannu. "Kawo in kwaɓa miki."

"Da wannan hannun naka? Rufa mini asiri. Sikon ba ya son a murƙushe shi, haɗa shi kawai ake yi a ƙyale shi. Ran nan da ka taya ni, ba dutse muka ci ba?"

"Dutse mai daɗi dai."

"Je ka shirya tebur, Yaya ya kusa zuwa."

Ta jera tiren farko, ta shafa musu ƙwai a kai, ta tura cikin obin. Sannan ta fara haɗa kwaɓi na biyu, don an gaya mata Yaya mai ci ne.

Mama kuwa tana ɗakinta. Tun safe ta ƙi sa komai a bakinta, wai sai ɗanta ya zo su ci tare. Da ta ji ƙanshi ya fara tashi, ta yi allurar insulin ɗinta kamar yadda ta saba yi gab da cin abinci, ta zauna tana gyara ɗaurin ɗankwali.

Guduma ya iso da saura minti ashirin, cikin sabbin kaya, har da turare. Ya yi sallama Auta ya amsa daga falo, suka gaisa sama-sama. Ƙanshi ya ja shi bakin kicin.

Nan idonsa ya sauka a kan gwangwanin.

Shuɗin gwangwani ne da ya sani tun yana yaro, an rubuta SUGA a jikinsa da jan fenti, rubutun marigayi mahaifinsu. Ga wata mace da bai sani ba ta buɗe shi, ta ɗebo cokali, ta barbaɗa a cikin fulawar da uwarsa za ta ci.

"Ke! Me kike zubawa a nan?"

Ta juyo da murmushi. "Lah, Yaya, sannu da zuwa. Ai wannan..."

"Kashe mana uwa za ki yi?"

"A'a Yaya, tsaya ka ji..."

Bai tsaya ba. Ya fizge gwangwanin ya maka shi da bango, ya juyo da bayan hannu ya kwaɗa mata mari. Tas! Ta yi baya ta bugu da kantar kicin, kwanon kwaɓi ya faɗo ya tarwatse.

Ku duba fa, minti biyar bai yi a gidan ba.

Auta ya shigo a guje. Ganin matarsa dafe da kunci, bai tambayi komai ba shi ma, ya yi kukan kura ya rungumo wansa ta ƙugu. Suka tafi tare suka daki firji, kwalabe suka zube a ciki. Guduma ya cakumi wuyan rigarsa, ya buga masa kai a hanci. Jini ya ɓalle ya wanke gaban rigar Auta.

"Haɗa baki kuka yi!" Guduma yana huci. "Shi ya sa kuka hana ni gidan nan!"

Ƙararrawar obin ta kaɗa. Matar Auta, da kuncinta a kumbure, ta tuna Mama ba ta ci komai ba. Ta ja tsumma ta buɗe obin, ta fito da tiren, sikon sha biyu sun tashi sun yi ja. Tana ƙoƙarin raɓawa ta bayansu ta fita da shi.

"Ina za ki kai wannan gubar?"

Guduma ya kai wa tiren duka daga ƙasa. Ƙarfen da ya fito daga wuta yanzun nan ya kifu a kan damtsenta, ya manne kafin ya faɗi. Ihun da ta yi, har maƙwabta sun ji shi. Sikon suka watsu cikin fasassun kwanuka da madara da jini, Guduma ya bi su da takalmi yana murtsukewa ɗaya bayan ɗaya.

Kuma bai tsaya nan ba. Ya faɗa falo, ya kama teburin da Auta ya shirya ya kifar. Dafaffen ƙwai, flas ɗin shayi, kofuna, kwalabe, duk suka haɗu a ƙasa. Auta ya biyo shi da kujera, ya ƙwace ta ya karya mata ƙafa a jikin bango. Suka sake sarƙewa, suna birgima a kan gilasai, wannan ya hau wannan ya danne.

Mama ta fito tun a marin farko. Tana riƙe da ƙyauren ɗakinta tana cewa, "Ya isa! Na ce ya isa!" Amma wa zai ji muryar tsohuwa a cikin wannan hauka? Maƙwabta suna ta dukan ƙofa, ba mai buɗewa. An fi rabin awa ana abu ɗaya, in sun rabu a koma zagi, in zagi ya yi zafi a koma dambe.

Sai muryar Mama ta ɗauke.

Matar Auta ce ta fara lura. Ta rarrafo daga kicin riƙe da hannunta da fatarsa ta saɓule, ta ga tsohuwar ta sulale a jikin ƙyaure. Gumi ya jiƙa ta sharkaf, hannuwanta suna karkarwa, bakinta yana motsi amma maganar ba ta haɗuwa.

"Ku bari! Mama! Ta yi allura ba ta ci komai ba, suganta ya faɗi! A ba ta abu mai zaƙi, maza!"

Guduma ya saki wuyan ƙaninsa. Karon farko a ranar tsoro ya kama shi. Ya ruga kicin, ya tsinto shuɗin gwangwanin a gindin bango, akwai saura a ƙasansa. Ya dumbuzo a tafin hannu, ya durƙusa gaban uwarsa zai tura mata a baki.

"Kada ka ba ta!" matar Auta ta daka masa tsawa. "Gishiri ne!"

Ya tsaya. Ya dubi hannunsa. Ya kai harshe ya lasa.

Gishiri ne.

Tun ranar da likita ya hana Mama suga aka daina sayensa a gidan. Ita kuma ta ce ba za a yar da gwangwanin da mijinta ya yi wa rubutu ba, sai aka wanke shi aka mai da shi na gishiri. Kowa a gidan ya san haka. Wanda ya shekara biyu a waje ne kaɗai bai sani ba.

"Zuma," in ji Auta, yana share jini daga idonsa. "Ina kwalbar zumar da muke ajiye mata?"

Tana kan teburin da aka kifar. Ga ta can a fashe, zumar ta cakuɗe da ɓaraguzan gilashi.

Guduma ya miƙe yana juyi a tsakar falo, ƙaton mutum, bai san inda zai sa kansa ba. Hannun da ya iya rushe gida cikin rabin awa ya kasa samo cokali ɗaya na suga.

Matar Auta ce ta tashi. Ta dafa bango ta isa inda jakarta take rataye, ta zazzage ta da hannu ɗaya. Alewa uku take yawo da su kullum saboda Mama. Ta ɓare ledar da haƙori, ta tallafo kan tsohuwar a cinyarta.

"Mama, kina ji na? Tsotsa. Yauwa, tsotsa a hankali."

Ta ba ta ta farko, ta ba ta ta biyu. Auta ya buɗe wa maƙwabta ƙofa, wata ta ruga ta kawo lemon kwalba da burodi. Sai da aka yi kusan minti goma sha biyar kafin karkarwar ta lafa, idon Mama ya dawo daidai.

Ta dubi falonta. Ta dubi hancin Auta. Ta daɗe tana kallon damtsen surukarta.

Guduma ya zube a gabanta yana kuka wiwi. "Mama, don ke na yi. Wallahi na ɗauka suga take zuba miki. Tsoron rasa ki ne ya sa."

"Ka tambaya?"

Ya ci gaba da kukansa.

"Na ce ka tambaye ta?"

"A'a, Mama."

"Yarinyar nan wata shida tana durƙusa mini a kanka. Yau tun safe take tsaye don ka ci mai zafi." Ta numfasa. "Na gaya maka sharaɗina a waya, kuma ka ji. Tashi ka fita."

Ya waiwaya wajen matar Auta, ita kaɗai ce ta taɓa tsaya masa a gidan. Wata maƙwabciya tana zuba mata ruwan sanyi a kan ƙunar kafin a tafi asibiti.

"Ƙanwata, don Allah ki sa baki."

Ta ɗago ta dube shi, ba tsawa, ba zagi. "Na yafe maka nawa, Yaya. Amma wannan karon ba ni da bakin roƙo."

Ya fita, sabbin kayansa duk fulawa da jini.

Mama ta ƙara shekara huɗu a duniya. Ya aiko dattawa, ya aiko abokai, ya rubuto takarda. Duk wanda ya zo amsa ɗaya take ba shi: ta yafe masa, tana yi masa addu'a, amma ba zai shigo ba. Ranar da Guduma ya sake taka gidan nan, gawarta ya zo ɗauka.

Darasi: Fushi ba ya zama daidai don kawai ka ce so ne ya jawo shi. Kafin ka ɗaga murya, balle hannu, ka tambaya, ka kuma tsaya ka ji amsa, domin abin da idonka ya gani ba lallai ne shi ke nan ba. Wanda ya yi maka hanya kuma, kada ya zama shi za ka fara takawa. In ka san mai saurin hannu, a gidanku ko cikin abokanka, tura masa wannan tun yana da sauran ƙofar da zai shiga.