Itacen Da Manaja Ya Sare

Akwai wani tsoho da kowa ke kira Baba Kafinta. Da hannunsa ya fara rawa sai ya ajiye zarto da guduma, ya koma kallon tsuntsaye a wani lambun shaƙatawa da ke gefen gari, inda masu wannan sha'awa ke taruwa da manyan kyamarori. Shi kayan aikinsa biyu ne kacal: tsohon madubin hangen nesa, da kujerar katako da ya haɗa da hannunsa.

Shekara goma sha ɗaya yana neman wani irin maƙwaƙwafi, tsuntsun nan mai huda itace da baki. Irin da yake nema ba kasafai yake zuwa wajen ba, kuma bai taɓa dacewa da shi ba.

Ana cikin haka ciwon ido ya kama shi. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama ma saura ƙiris. Baba bai yi kuka ba. Ya ce shi dai Allah ya nuna masa tsuntsun nan kafin duhu ya rufe.

Wata safiya yana zaune bakin tafki, sai ya ji ƙwas, ƙwas daga wani busasshen itace. Mutumin da ya shekara arba'in yana buga katako ba a yi masa ƙaryar sauti. Waɗanda ya saba ji sauri suke yi, wannan kuwa bugu biyu ne masu nauyi, sai mai bugun ya ɗan dakata. Baba ya ɗaga madubi, amma inuwa kawai ya gani ta zagaya bayan itacen. Kwana uku ana haka.

To, manajan lambun nan ɗansa ne na fari. Yana da ƙoƙarin aiki, ba za a hana shi wannan ba, amma akwai ji da kai. Tun da aka ba shi ofis da tarin mukullai, ko a gida Manaja ake ce masa. Masu lambun za su zo duba aiki ranar Asabar, don haka ya ɗauki jan fenti yana bi yana shafa wa duk itacen da za a sare.

Da ya iso bakin tafki, Baba ya ce, "Manaja, wannan kar ka taɓa shi."

"Haba Baba, matacce ne fa. Ko ganye ɗaya babu."

"A idonka ne ya mutu. Akwai mai gida a ciki, ya fara huda sheƙa. Ka ba ni sati guda, in ya saba da ni zai fito fili."

Manaja ya yi dariya, ga ma'aikata a tsaye. "Ido bai ishe mu ba, yanzu kuma kunne ne ya fara yi maka gizo? Ga itatuwa masu rai sun fi ɗari, ya je ya zaɓa."

"Irinsu busasshe suke so, nan tsutsa take."

"To Baba, na ji."

Kun san irin "na ji" ɗin nan da ake faɗa don kawai mutum ya yi shiru. Shi kuwa bawan Allah sai ya ɗauka alkawari ne, har da sa masa albarka.

Ranar Juma'a da safe Baba ya tafi ganin likita. Manaja ya ce yauwa, ya kira mai injin yanka. Itacen na faɗuwa tsuntsu ya tashi fir, ya zagaya sau uku yana kuka, ya sauko kan kututturen, taku biyu tsakaninsa da Manaja. Ya ɗan tsaya, sannan ya tsallake tafki. Mai injin ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe da gaske ne." Manaja ya duba agogo ya ce a kwashe itacen.

Washegari masu lambun suka zo suka tafi. Wallahi ko kallon ɓangaren tafkin ba su yi ba.

Baba ya zo ya lalubi kututture, bai ce wa kowa uffan ba. Wata guda cur yana zuwa kullum ya zauna yana kasa kunne, amma shiru. Daga nan idon dama ya ƙarasa, ya daina fita.

Shirun da Baba ya yi shi ya dami Manaja, gara a ce zaginsa aka yi. Ya je wajen da ake tara itace ya yi ta bincike har ya samo guntun da ke da ramin, ya kai wa mahaifinsa ɗaki, ya durƙusa ya ajiye masa a cinya.

Baba ya sa yatsa a ramin yana zagayawa a hankali. "Kai, ka ji aiki. Ni da kayan aiki ma ban fitar da rami haka ba. Bai ma gama ba."

"Baba, ka yafe min."

"Na yafe tuntuni. An ce ka gan shi?"

"Na gan shi."

Fuskar tsohon ta washe, ya gyara zama. "Alhamdulillahi, ai idonka nawa ne. Gaya min yadda yake, kar ka yi sauri."

"Kansa ja ne."

"Sai kuma me? Bayansa fa? Fukafukan?"

Manaja ya tuno ranar nan. Taku biyu ne tsakaninsa da tsuntsun, amma agogo yake kallo, bai lura da sauran jikin ba. Ya kifa kai a gwiwar mahaifinsa ya fashe da kuka, tsohon kuwa yana jiran amsa, yatsansa na cikin ramin.

Darasi: Abin da kake gani matacce yana iya zama shi ne burin wani na ƙarshe. In iyayenka suka roƙe ka ɗan abu, tsaya ka saurara da gaske, don ban haƙuri yana samo yafiya amma ba ya dawo da ranar da ta wuce. Jama'a, ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda yake riƙe da jan fenti yanzu haka.