Ƙullin Hansai da Ƙirjin Hankaka

Masu riƙe da labarun da sun ce a wani gari an yi wani Sarkin Marina mai suna Cindo. Matarsa Hansai ce ke ƙulla masa zane da zare kafin ya tsoma a baba, don duk inda ƙulli ya kama fari yake fitowa. Ta gama ƙulla wani zane ke nan zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana huɗu Allah Ya karɓi abarsa.

Cindo ya rina zanen, amma ya ƙi kwancewa. Damina ta shigo, zanen ya soma funfuna. Kullum da hantsi yana bakin ramin rini, yana shafa ƙullin ɗaya bayan ɗaya.

Ran nan wani hankaka ya sauka kusa da shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, zanen nan ruɓewa zai yi."

Cindo ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, ɓarawon tatsuniya. Hannunta ne ya ɗaure. In na kwance, me ya rage mini?"

Hankaka ya ce, "Sata kam kun daɗe kuna ɗora mana. Amma akwai wadda ta zana mu da mutunci, ji labarinta.

"An yi wata mai zanen ƙwarya, Tasalla, wadda ta yi suna wajen zana hankaka da ƙarfe mai zafi. Takan ƙona fiffike da kai, ta tsallake ƙirji. Da ɗanta ya tafi fatauci bai dawo ba, sai hannunta ya daina tsallakewa, kowace ƙwarya baƙa ƙirin. Wata Bafulatana mai tallar nono, Yelwa, ta ɗaga ɗaya ta juya, ta ce, 'Ke 'yar Haɓe, wannan ƙwarya ce ko gindin tukunya? Aradu ko kyauta ba na zuba nonona ciki. Zauna ki ji abin da kakata ta gaya mini.

"'Uwar hankaki ta fari tsuntsuwa ce fara fat. Iska ta kayar mata da sheƙa, ɗanta ya mutu. Don baƙin ciki ta faɗa ramin rini, amma ta rungume ƙirjinta da fiffike, daidai inda ɗan yakan kwanta. Ta fito baƙa ƙirin, ta ƙi buɗewa, wai kada ɗuminsa ya fita. Ba tashi, ba kiwo. Ranar da ta gaji ta saki fiffike, sai ga wurin fari tas, girman ɗan nata daidai. Da ta mutu a rungume, wa zai san ta taɓa haihuwa?'

"Tasalla ta yi kuka har ta gode Allah, ta ɗauki sabuwar ƙwarya ta tsallake ƙirji. To, ranka ya daɗe, Hansai ba don ƙulli ta yi ƙulli ba. Abin da ta bar maka yana ciki, kai kuwa ka tsaya a bakin ƙofa."

Cindo ya jawo zanen. Sannan ya sa haƙori ya tsinke zaren farko. Farin zobe ya bayyana, ƙarami kamar ƙwayar gero. Ya ci gaba, zobe na bin zobe, har azahar ta yi. Da ya kai gefen ƙarshe sai ya ga nan zobban ba su yi fari sosai ba, baba ya ɗan shiga, don ƙullin bai yi tauri ba.

Ya ɗora tafinsa a wurin, ya ce, "Nan zazzaɓin ya kama ta. Ba ta gaya mini ba, kuma ba ta ajiye zaren ba."

Ya wanke zanen, ya shanya a igiyar da ke bakin hanya, inda kowa zai gani. Ya ɗaga kai ya ce, "Ka yi gaskiya, hankaka. Saura kaɗan in binne ta sau biyu."